Murfin Kwalba

Da murfi ɗaya na fara.
Larai ce ta miƙo mini ta saman katanga
ranar da na kwana huɗu ido biyu
ina ƙirga azarar ɗakin haya a Ƙofar Guga.
Ta ce, "Maganin tari ne, Hurera, ai ba giya ba ce.
Sha ki rintsa."
Na sha, na rintsa.
Tun daren da muka baro ƙauye
barci bai taɓa zama a kaina haka ba.

Ni kuwa ko tari ba na yi.
Babura nake ji.
Ɗan acaɓa ya gifta ta bayan gida,
sai ƙirjina ya koma Batsari a guje,
ya iske gero a tsaye babu mai yanka,
rumbu yana hayaƙi,
takalmin Yaya Sanusi, wari ɗaya, a bakin rijiya.

Maigida yana Legas yana tura kurar ruwa.
Ran Juma'a yakan kira.
"Ya jikin?"
"Da sauƙi."
Kati ya ƙare kafin in lalubo sauran maganar.

Biyu na haifa, ba wanda ya kai suna.
Tun daga nan ake ce mini mai wabi
a hankali, yadda zan ji.
Kai ne na uku.
Ban saya maka riga ba, kada in saba da kai.

Murfi ya zama biyu,
biyu suka zama rabin kwalba cikin lemo.
Tasa ta tafi, tabarmar baƙi ta bi ta,
sai turmin atamfar da na ɓoye don ranar suna.
Tasi'u mai kemis ba ya kallon cikina.
Yakan lissafa canji,
ya ƙulle baƙar leda,
ya ce a gaida gida.

A gidan biki an matsa mini wuri fiye da kima.
Na ji wata ta ce, "'Yar ƙwaya ce,"
ta ja ɗiyarta kusa da ita.
Na cinye tuwona, na wanke hannu,
na dawo na ƙara murfi.

Talata ranar awo.
Malama Indo ta kafa ƙahonta a cikina, ta daɗe tana saurare.
"Yana motsi?"
"Yana yi."
"Kamar da?"
Na dubi fankar da ba ta juyawa.
Ta ja fatar idona ƙasa, ta duba,
na shirya wa faɗa kamar mai jiran ruwan ƙanƙara.
Sai ta ja labule, ta jawo kujera,
ta ce, "Me ke hana ki barci?"

Wata goma sha ɗaya ina Katsina,
an tambaye ni kuɗin haya,
an tambaye ni katin asibiti,
an tambaye ni daga wane gari.
Wannan ba wanda ya tambaya.
Na buɗe baki, babura suka fito,
da gero, da rijiya, da takalmi.
Layi yana jira a waje, ba ta dubi agogo ba.

Ta ce kada in yanke shi dare ɗaya,
in dawo Alhamis mu ga likita,
in riƙa ƙirga motsinka.

Yanzu an yi isha'i.
Kwalbar tana cikin tukunyar da ba na girki da ita,
na san adadin takun da ke tsakaninmu: biyar.
Hannuna na rawa, na ɗora shi a kanka.
Ɗaya.
Shiru.
Wani babur ya taho daga wajen Yammawa,
ya rage gudu daidai ƙofa,
ya wuce.
Biyu.
Yi haƙuri, ɗan nan, ƙara shurina.
Alhamis da nisa.